Makahon da Bai Zama Sarki Ba

Satin da ya wuce na gama wani littafi da 'yata ta turo mini a waya, irin waɗanda ake yayi yanzu. Wata yarinya matalauciya ta ba wani mai tsumma ruwan sha, ashe ɗan attajiri ne ya ɓad da kama. Tun shafi na goma na san har motar da za ta ɗauki amarya. Na ajiye wayar raina ba daɗi, sai Kaka Hajo ta faɗo mini a rai.

A gidanmu na Malanville, kusa da gulbi, ita ke bandar kifi. Bayan magariba mukan kewaye murhunta, hayaƙi na sa mu hawaye, ita kuwa tana juya kifi da yatsu kamar wuta ba ta ƙuna. "Ku matso, ga ta nan tahe," in ji ta, sai kowa ya yi tsit.

Wata rana ta ba mu labarin Lamso, wata gwauruwa da shekarar fari ta bar ta da tiya ɗaya ta irin gero. Ta ɓoye shi tana jiran damina. Sai ga wani makaho a ƙofarta, kwana uku bai ci komai ba. Lamso ta daɗe tana kallon tiyar nan. Daga baya ta daka geron, ta dama masa fura. Ya sha, ya yi godiya, ya lalubi sandarsa ya tafi.

Kaka ta ci gaba da juya kifinta. Mu kuwa muka zuba mata ido.

"Mi kuke jira?" in ji ta.

Yayata Rabi ta ce, "Kaka, ba sarki ba na? Ko aljani?"

"Makaho na. Yunwa shika ji."

Da ruwa ya sauka, Lamso ba ta da abin shukawa. Ta bi gida gida tana roƙo. Wasu suka ba ta cikin tafin hannu, wasu suka yi mata dariya. Gonarta ta fito wani dogo wani gajere, Lamso ta ci da ƙyar har lokacin girbi ya zo. Nan labarin ya ƙare. Haushi ya sa na ƙi cin kifina.

Sai da na girma na gane. Shekarar da gulbi ya cika ya cinye gonaki, wasu mutanen Madécali da ban sani ba suka sauka a zaurena, su bakwai. Wata biyu muna raba shinkafarmu, har yarana suka rame. Da ruwa ya janye suka tafi, ban sake jin labarinsu ba. Abin mamaki, ban ji an cuce ni ba ko kaɗan.

Marubutan yanzu suna tsoron mu tashi da ɓacin rai, shi ya sa suke biyan kowane alheri tun kafin shafin ƙarshe. Kaka ba ta yi boko ba, amma ta girmama mu fiye da haka. Ba ta taɓa yi mana alkawarin da duniya ba za ta cika ba.