Injin da Muka Naɗe a Leda

Tun da Malam Bukar ya rasu kuke tambayata labarinsa, musamman ku sababbin ɗauka. Ranar da ba ta fita raina ita ce ranar da muka je unguwar Herwagana da sabon injin yankan itace, a daminar bara waccan.

Aikin sashenmu shi ne sassabe da sare bishiyar da ta zama barazana ga mutane. Malam Bukar mutumin Borno ne, rikici ya kawo shi Gombe da iyalinsa, shi ne mai riƙe inji. Ni nawa jan igiya ne, in karkatar da reshe inda ake so ya faɗi. Shugaban sashe kuwa Alhaji Sambo.

Mun daɗe muna fama da gatari kafin a sayo mana inji. A ƙa'idar ofis, sabon kaya ba ya fita aiki sai Darakta ya ƙaddamar da shi, Darakta kuma yana Abuja. Alhaji Sambo ya sa aka naɗe jikin injin da leda, aka bi da salatif, don ya kai ranar biki yana ƙyalli. Sarƙar yanka, mariƙi, igiyar tayarwa da bakin salansa kawai aka bari a waje. Malam Bukar da kansa ya riƙe ana naɗewa. Babu wanda ya ga aibu, domin kujerun motar Alhaji har yau da ledarsu, haka ma katifar ɗakina.

Sai iska ta tuge wata bishiyar dogon yaro a Herwagana, ta jingina a kan ɗakin wata tsohuwa, Mama Rifkatu, wadda ke zaune da jikokinta. Katangar laka ce, ta riga ta tsage. In ruwa ya sake sauka da nauyin nan a kanta, ɗakin ya tafi. Alhaji ya yarda a fita da injin bisa sharaɗi ɗaya: kada a taɓa leda. Ya kuma biyo mu don ya tsare ta.

Malam Bukar ya hau tsani, ya ja igiyar tayarwa, inji ya tashi lafiya. Yana ɗora shi a kan reshe sai muryar injin ta yi ƙasa, ya shaƙe, ya tsaya. A ɗaga shi ya farfaɗo, a ɗora ya mutu.

"Man bumburutu ne," in ji Alhaji. "Wa ya sayo?"

"Kai ka aiko da shi, Yallaɓai," in ji Bukar.

"To ba mai ba ne."

Duk da haka muka juye, muka sake haɗa fetur da baƙin mai daidai gwargwado. Muka duba sarƙa, ba ta ɗaure ba, haƙoranta da kaifi. Bukar ya ce saura filogi da matatar iska. Alhaji ya tambayi inda suke, aka nuna masa ƙarƙashin leda.

"Waɗannan lafiyarsu ƙalau," ya ce. "Ba ka ga a rufe suke ba?"

Jama'a suka taru. Wani mai faci ya ce kayan yanzu duk jabu ne. Wani dattijo ya ce bishiyar da masu ita, a nemi izininsu tukuna. Alhaji ya ce gobe zai kafa kwamiti. Gabas kuwa ta riga ta yi baƙi.

Mama Rifkatu ta fito da tukwanenta ta jera a tsakar gida. Ta dubi Alhaji ta ce, "Ɗana, shi kwamitin nan, a ɗakinsa za mu kwana?"

Alhaji ya shiga duba wayarsa.

Bukar ya ce bari ya sake gwadawa ta wani gefe. Ya cusa injin tsakanin rassa, sai wani tsinken reshe ya kama ledar ya farke ta tun daga sama har ƙasa. Nan take injin ya yi wata ƙara da ba mu taɓa jin irinta ba, ya ratsa reshen kamar ana yanka kabewa. Ashe ta nan yake shan iska. In yana zaune, 'yar iskar da ke kurɗawa ta ishe shi, in ya kama aiki ba ta isa.

Yara suka yi shewa. Alhaji ya ɗora hannu a ka yana cewa, "Ledar! Bukar, ka yaga ledar!"

"Yallaɓai, in tsaya a nemo wata?"

Alhaji ya dubi sama, ya dubi tsohuwar, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ci gaba. Amma ban gani ba."

Muka sauke bishiyar gunduwa-gunduwa. Ina kwance igiya ɗigon farko ya sauka a wuyana. Ɗakin yana nan har yau.

Washegari aka wanke inji da omo, aka sake naɗe shi. Ranar biki Darakta ya yanka ƙyalle da almakashi, ya shafa ledar, ya yaba mana da iya adana kayan gwamnati. Ba a tayar da injin ba.

Tare da injin an raba mana takalman aiki. Bukar bai taɓa sa nasa ba, da silifas yake hawa bishiya, yana cewa sai ranar da ta dace. Da muka je gaisuwar rasuwa gidansa a Tudun Wada, na hango su rataye a ƙusa, cikin ledarsu.

Abin da zan gaya muku ke nan. In inji ya rage ƙarfi a kan yanka, ku fara duba inda yake shan iska, kafin ku zargi mai ko aljanu. In kuma an ba ku takalmi, ku sa shi gobe da safe. Allah ya jiƙan Malam Bukar.