Ba zan goge hoton gyaɗata ba

Ina tsugune ina shanya gyaɗa a ƙofar gida, sai ga Kawu Sule a kan babur. Ko gaisawa ba mu gama ba ya miƙo min waya, yana nuna min hoton gyaɗata da na ɗora a intanet.

"Me ka rubuta da Turanci a ƙarƙashin hoton nan?"

Na ce, "Tons and tons, Kawu. Wato gyaɗa jingim, har ba wurin zubawa."

"Goge shi yanzu! Manomi ba ya faɗin yawan abin da ya samu. 'Mun ɗan taɓa' ake cewa. Ba ka tsoron baki?"

Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu. Bara da ƙwari suka cinye min gona, da labarina aka riƙa shan shayi a majalisa, wai ɗan boko ya dawo Makoda zai yi noma da biro. Lokacin ba wanda ya ce a rufa min asiri."

Ya ja tsaki ya tada babur.

Na gode wa Allah, na fitar da zakka, maƙwabta ma sun ɗanɗana. Amma hoton yana nan daram.

Jama'a, ku faɗa min: asarata ce kaɗai aka yarda a yi shelarta?