Ganyen Magarya Don Uwani

A lungunmu na Mabera, in mace ta rasu, kafin a sanar da liman an riga an aika wa Gwaggo Mariyatu. Ita ce mai wankan gawar mata. Wajen kakarta ta koya tun tana amarya, kuma ba ta karɓar komai a kai. Da hoce, irin wainar nan ta dawa, take riƙe kanta, tana gasawa da safe ta sayar a ƙofar gida. A tsakar gidanta akwai magarya, daga ita take tsinko ganyen da ake kirɓawa a zuba a ruwan wanka. Katanga ɗaya ta raba gidanmu da nata, kuma yawancin labarin nan daga bakinta na ji shi, tana tsintar dawa ina zaune.

Tana da aminiya, Uwani, mai kitso a Arkilla, tare suka tashi a cikin gari. Uwani tana da wani abu a jikinta da ba ta so ido ya gani. Gwaggo ba ta taɓa gaya mini ko mene ne ba, ni ma ban tambaya ba. Saboda shi ne Uwani ta sa ta yin alkawari cewa ranar ƙarshe babu hannun da zai yaye mata zane sai nata. Har wasa suke yi da maganar. Uwani takan ce in Gwaggo ta kuskura ta riga ta mutuwa ba ta yafe ba, ita kuma ta ce, "Ke dai rage ƙiba, ban iya juya ki ni ɗai."

Sai korona ta zo. Aka rufe makarantu, aka tare hanyoyin shiga jiha, aka ce kowa ya zauna gida. Azumi ya kama cikin zafin bazara, tsofaffi suna ta tafiya. Mutanen lungu ba su daina aika wa Gwaggo ba in an yi rashi, amma sun daina sayen hocenta. Aka hana yara shiga gidan. Matar da ta wanke wa uwa jiya, yau in ta hango ta sai ta sake hanya.

Ɗan Gwaggo, Bashar, wanda ke aiki a wani ofis a Sama Road, ya zo ya durƙusa ya roƙe ta ta bari har cutar ta wuce. Ta ce in ta bari, wa za a kira? Ta karɓi takunkumi da safar hannun da ya kawo, ta ƙi sauran maganar. Amma tsoro ya shige ta. Ta daina ɗaukar jikarta, ta ware kwanonta, tana wanke hannu da sabulu har yatsun suka tsage. In abin ya cika mata ƙirji sai ta ɗauki tsintsiya ta share gindin magaryar, ko da babu ganye ɗaya a ƙasa. Daga ɗakinmu nakan ji shararta.

A goman ƙarshe na azumi Uwani ta kwanta da tari da sarƙewar numfashi. Aka kai ta inda ake killace masu cutar, ba ta fito ba. Aka sanar da dangi cewa ma'aikata ne za su shirya ta, ba a ba da gawa.

Gwaggo ta kirɓa ganye ta ƙulle a leda, ta tilasta wa Bashar ya kai ta. Masu gadi suka tsayar da su a ƙofa. Ta yi bayani, ta yi roƙo, ta ce ta fi su sanin mutuwa, a ba ta irin rigarsu ta shiga. Da suka ƙi sai ta zauna a ƙasa cikin rana, da azumi a bakinta. Can wata ma'aikaciyar jinya mai suna Lubna ta fito, a rufe ruf sai idanu, ta tsaya nesa. Ta ce mata ba ta da ikon shigar da ita, amma mata ne kaɗai za su taɓa mamaciyar, kuma za su yi iyakar abin da doka ta bari.

Gwaggo ta ajiye ledar a ƙasa ta ja baya. Ta ce, "Ɗiyata, abin da kig gani ga jikinta, ki bar shi nan ciki. Ko mijinki kada shi ji."

Lubna ta ce ta ɗauka, ta sunkuya ta ɗauki ledar ta koma.

Har yau Gwaggo ba ta san ko ganyen ya shiga ruwa ba. Liman ya gaya mata ba ta da laifi, tunda hana ta aka yi. Ta ce ta sani, Allah ba ya kama bawa da abin da ya fi ƙarfinsa. Kunyar Uwani take ji.

Washegarin rasuwar aka buga mata ƙofa, wata tsohuwa ta cika a bayan masallaci. Ta tsinki ganye, ta sa safar hannu, ta tafi. Yanzu an dawo sayen hoce, har da masu sake hanya. Na taɓa tambayarta wa ta bar wa nata wankan. Ta daɗe tana juya dawa a faifai, sannan ta ce ba ta ƙara ɗora wa kowa alkawari, duk wadda Allah ya kawo ta rufa mata asiri.