Karaban a Ƙofar Gidanmu na Catford

Maigidana ne ya so karaban, ba ni ba. A ƙarshen shekarun tamanin, lokacin hutun makaranta, mun ɗauki yaranmu biyu zuwa bakin teku. Muka yi ta zagaya gidajen saukar baƙi, kowanne da allo a taga cewa akwai ɗaki, amma da an buɗe ƙofa an ga mu baƙar fata ne sai ɗakin ya ƙare. A ranar muka juyo London. Bayan 'yan watanni sai ga maigidan ya jawo wani farin akwati mai taya a bayan motarmu, wato karaban, da gado a ciki, da murhun gas, da ɗan wurin wanke kwano. Ya ce daga yau da ɗakinmu za mu riƙa tafiya, in dafa mana tuwonmu a duk inda muka sauka.

Mun ji daɗinsa, ba zan ɓoye ba. Matsalar ita ce inda zai kwana. Gidanmu na unguwar Catford a London irin jerin gidajen nan ne masu manne da juna, ba gareji, ba fili. A bakin titi muke ajiye shi, daidai ƙarƙashin tagar ɗakin yara, kuma ya ci wurin da mota biyu za su tsaya. Matar da ke hannun damanmu ta ce yana tare mata haske. Wani daga tsallaken titi ya ce yana rage wa unguwa daraja. Wani ma'aikacin kansil, wato ƙaramar hukumar yankin, ya zo ya zagaya shi, ya ce gara mu nemi wani wuri. Maigidan ya yi ta cewa to, to, yana nema. Akwai wuraren ajiya a bayan gari, amma shi yana son ya leƙa taga ya ga kayansa.

Haka muka lallaɓa har farkon shekarun casa'in, lokacin da aka aiko cewa mahaifinsa ba lafiya a Kano. Ya tafi da niyyar mako biyu. Ciwon ya yi tsawo, shi ma zamansa ya yi tsawo. Aka bar ni da yara, da aikina na kula da tsofaffi, da karaban a ƙofar gida.

Da farko taya ɗaya na tarar a sace. Na ce ƙila ƙusa ce. Sai aka karce gefensa da makulli, tun daga gaba har baya. Wata safiya kuma na ga an shafa masa kashin kare a mariƙin ƙofa. Na wanke kafin yara su fito. Ban taɓa ganin mai yi ba. Kowa a layin yana amsa gaisuwata kamar kullum, wannan ne ma ya fi daga mini hankali, don da wani ya fito ya zage ni da na san inda zan sa ido.

Wata ranar Asabar da hantsi na dawo daga kasuwa da yaran. Babbar ta riga ni zuwa ƙofa, sai ta juyo ta ce mini da Turanci, don ita ba ta amsawa da Hausa, wai tana jin wani wari. Ina matsowa na ji shi. Gas ne. A gaban karaban akwai akwatin da tukwanen gas biyu suke ciki. An ɓalle kwaɗon, an kwance roba, an buɗe kan tukunya ɗaya. Ina jin tsiyayar iskar a hankali. Kusa da wurin kuma wani mutum ne ke tahowa da sigari a hannu, bai san komai ba.

Ban san lokacin da na zubar da kayan cefane ba. Na tura yaran baya, na ɗaga wa mutumin hannu ina roƙonsa ya tsallaka titi. Na sa hannu na murɗa kan tukunyar. Ƙarfen ya yi sanyi ƙarara, har na kasa gane ko rufewa nake ko ƙara buɗewa. Da ƙarar ta ɗauke sai na ɗaga kai na dubi tagar ɗakin yara. Labulensu mai hoton jirage yana nan, tagar a ɗan buɗe yadda na bar ta.

Ɗan sanda ya zo, ya duba, ya ce ƙila wasan samari ne, in kira in na ga wani. Na samu maigidan a waya da ƙyar, ta gidan wani maƙwabcinsu. Layin yana ta yankewa, kuma muryarsa ta wanda ya kwana a asibiti ce. Na ce masa an taɓa tukunyar gas. Ban iya gaya masa sauran ba. Ya ce in cire tukwanen in kai bayan gida, in bar karaban yadda yake har ya dawo. Na cire su. Amma hankalina bai kwanta ba. Wanda ya iya ɓalle kwaɗo da rana tsaka, ai ashana ba za ta gagare shi ba. Na kwaso yaran suka koma kwana a ɗakina na baya. A wurin aiki, ina ba tsohuwa abinci a baki, in motar kashe gobara ta wuce sai cokali ya tsaya a hannuna.

A wurin aikin akwai wata ƙawata 'yar Ghana, haifaffiyar zangon Hausawa na can, tana zaune a unguwar Abbey Wood da ke gefen London. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, ni ma "kai" take ce mini. Ita ta lura na rame. Da na ba ta labari sai ta ce akwai wani makanike a bayan layinsu mai fili da katanga, yana ajiye wa mutane motoci. Ta yi masa magana ya yarda, amma ya ce ba shi da motar ja, sai dai mu kawo da kanmu.

"'Yar'uwa, ka iya tuƙi ko ba ka iya ba?" ta tambaye ni.

Na ce na iya, amma ban taɓa jan ko amalanke ba. Ta ce ita ko lasin ba ta da shi, amma za ta zauna kusa da ni.

Ranar Lahadi da safe muka zaɓa, don titi ya fi sarari. Na kai yaran gidan wasu 'yan garinmu. Na sha ganin maigidan yana haɗa karaban da mota, amma gani daban, yi daban. Muka naɗe ƙafafun nan huɗu da yake tsayawa a kai. Na yi ta baya da mota, ita tana buga mini bayan motar in na kauce, har ƙugiyar karaban ta zo daidai. Muka sauke ta a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan motar, ta yi ƙas. Na jijjiga, na sake jijjigawa, ban yarda ta kama ba. Na sa wayar fitilu, na ɗaura dogayen madubai. Duk wannan aikin labule na motsi a gidaje, amma ba wanda ya fito. Na yi bisimilla na tayar.

Tun a kwanar farko na gane motar ba wadda na sani ba ce. In na taka totur sai in ji ana riƙe ni ta baya, in na taka birki sai in ji ana tura ni. A madubi ba abin da nake gani sai farin bango yana bina. Tayar karaban ta hau dakalin titi a wata kwana, kwanukan ciki suka yi kwaram, na ce shi ke nan ya kife. Bas ta biyo mu tana hura mana wuta. Ƙawata ta leƙa ta taga ta yi wa direban alamar ya yi haƙuri. Gumi ya jiƙa mini ɗankwali, ga shi garin da sanyi.

Da muka hau babban titi mai layi biyu sai na ɗan samu nutsuwa, na ƙara gudu. Hanyar tana ratsa unguwannin da a wancan zamanin baƙar fata ba ya fatan motarsa ta mutu a cikinsu, kuma ina so in wuce su da wuri. Muna cikin gangara wata babbar tirela ta zo ta gefenmu. Iskarta ta bugi karaban. Na ji bayan motar ya karkata hagu, ya dawo dama, ya sake komawa hagu, kowane lilo ya fi na baya faɗi. A madubi na ga gefen karaban yana fitowa yana ɓacewa. Sitiyari ya zama kamar ba a haɗe yake da taya ba. Ƙafata ta tafi kan birki da kanta.

Ƙawata ta dafa gwiwata ta danne. Ba ta ɗaga murya ba. "Kar ka taka. Cire ƙafa kawai. Riƙe shi miƙe."

Daga baya ta ce mini ba wani sani ta yi ba, ta taɓa jin direbobin manyan motoci a garinsu suna faɗin haka. Na ɗauke ƙafa daga komai, na ƙanƙame sitiyari, bakina yana innalillahi. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne yarana suna gidan mutane, ubansu yana Kano, kuma ban gaya wa kowa a gida inda za ni ba. Lilon ya ci gaba, sannan ya fara raguwa, har na ji motar ta dawo hannuna. Da na samu wurin tsayawa na faka, na buɗe ƙofa na yi amai. Ita ta ba ni ruwa, ta ce ba mu isa ba tukuna, kuma ba mai zuwa ya ƙarasa mana.

Sauran hanyar da giya biyu na yi ta, jerin motoci a bayana suna hon. Gangaren da ke ratsa itatuwa ya sauka Abbey Wood na bi shi kamar mai tafiya a kan ƙwai, ina jin warin birki. Makaniken ya buɗe mana ƙofar fili. Na ce masa ko za a kashe ni ba zan iya shiga da baya ba, sai ya kwance ƙugiya muka tura da hannu. Ya leƙa akwatin gaba ya ga ba tukwane, ya ce shi ya sa ya yi mini lilo, gaban ya yi sakayau.

Da na dawo gida da yamma har wani ya ajiye motarsa a wurin. Matar hannun dama ta ce mini falonta ya yi haske. Na ce madalla.

Surukina ya rasu bayan 'yan makonni. Maigidan ya dawo a rame, sai da aka share makoki na ba shi labarin duka. Ya tashi ya hau ɗakin yara ya tsaya a bakin taga. Bai sake maganar dawo da karaban ƙofar gida ba. In hutu ya zo, can Abbey Wood muke zuwa mu ɗauka, kuma shi ke tuƙi.

Ba a sake taɓa mana komai ba a layin nan. Ban san ko mai yin ya samu abin da yake so ba ne, ko kuwa ya tsorata da abin da ya kusa aikatawa. Mun ƙara shekaru a gidan, ina gaisawa da kowa, ina karɓar wa maƙwabta saƙo in ba sa nan. Yaran dai ban mayar da su ɗakin gaba ba. Mu muka koma can, su suka zauna a na baya har muka tashi.