Agara Ce, Baba Haladu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaura takalmi ƙanwata ta kira ni: Baba Haladu mahauci na Gyaɗi-Gyaɗi ya rasu. An kai shi tun jiya da la'asar. Ko jana'izarsa ban samu ba.

Da yawanku kuna kirana Dakta. Yau zan faɗa muku inda na samo rabin daktancin.

Ina aji biyu a karatun likitan dabbobi na faɗi jarrabawar sanin sassan jiki. Sunayen tsoka da jijiyoyi sun ƙi zama a kaina, in haddace da safe, kafin azahar sun gudu. Mahaifina ya ce in je wurin abokinsa Haladu. Na tafi ina ƙunƙuni, wai ni ɗan jami'a za a tura teburin fawa.

Na same shi a teburinsa. Ya ɗauko ƙafar akuya, ya zare fatar, ya kamo wata farar jijiya ya ja. Sai kofato ya lanƙwashe kamar akuyar tana da rai.

"Ka gani, likitan awaki? Tsoka ce mai ƙarfi, amma jijiya ce 'yar aike. In 'yar aike ta tsinke, saƙo ba ya isa."

Duk Asabar ta hutun da ya biyo baya ina gabansa. Yana ware min tsoka ɗaya bayan ɗaya da bakin wuƙa, ya sa yatsana ya bi kowace har inda ta kama ƙashi. Kwastomomi na jira suna tsaki, shi ko a jikinsa. In zan tafi kuma sai ya ƙunsa min hanta, wai ƙwaƙwalwa ba ta aiki da yunwa.

Na ci jarrabawar. Ban tuna ko na koma na faɗa masa ba.

Bara, saura mako biyu Babbar Sallah, wani Alhaji a Tarauni ya kira ni, ragon layyarsa yana ɗingishi. Na duba na ce karaya ce, zan ɗaure. Baba Haladu yana gidan, shi ke yi musu yanka duk shekara. Ya matso a hankali ya ce, "Likita, dubi yadda diddigen ya sauka. Anya ba agara ce ta tsinke ba?" Agara ita ce babbar jijiyar nan ta bayan ƙafa. Shi ya fara nuna min ita a duniya.

Kun san me na ce masa, a gaban Alhaji da mutanen gidansa?

"Baba, kai yanka ka iya. Bar mana magani."

Ya yi murmushi ya ce, "Haka ne, likita." Ya koma gefe ya zauna.

Ragon bai warke ba. Da aka ga ba zai yi layya ba, aka yanka shi, ina tsaye. Baba yana fiɗa ya kai ƙafar. Ƙashi lafiya lau. Agara ta tsinke, bakinta ya tarwatse kamar tsohuwar igiya. Na gani, ya ga na gani.

Alhaji ya tambaye shi, "Haladu, me ka tarar?"

Ya yanke wurin ya jefa a roba ya ce, "Alhaji, nama ya yi kyau, masha Allah."

Ya rufa min asiri, ni da na ci masa fuska.

Daga ranar na daina bin layin teburinsa, sai in zagaya ta Unguwar Gano. Watan jiya ya hango ni a adaidaita sahu, ya ɗaga wuƙa yana dariya: "Likitan awaki, ka yi wuyar gani!" Na ce, "Zan shigo, Baba." Ban ce wa direba ya tsaya ba.

Kalma uku kawai ya kamata in kai masa. Shekara guda ina ɗauke da su, girman kai ya hana ni. Wallahi kunya ce ke cina yanzu fiye da baƙin ciki.

Allah Ya jiƙanka, Baba Haladu. Ya rufa maka asiri ranar tonon asiri, kamar yadda ka rufa min. Ya ba iyalinka haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, ko da Ƙulhuwallahu ƙafa ɗaya ce. Kuma ku zama shaida, tunda a gaban mutane na yi masa, a gaban mutane zan faɗa:

Agara ce, Baba.