Ruwan Rafin Tsohuwa a Kabarin Farfesa Abdussamad

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina tsakiyar ban-ruwa a gonar tumatir, da hantsin Talata 14 ga Janairun 2025, aka kira ni aka ce Allah ya karɓi ranka a asibiti a Zariya. Farfesa Abdussamad Haladu, malamin shari'a, ɗan Danja, abokina tun muna firamare. Na ajiye fartanya na zauna ina kallon ruwa yana bin fangali, hawaye na zuba. Wannan ruwan, bayan ikon Allah, kai ka dawo mana da shi.

Abokan aikinka za su yi bayanin littattafanka da maƙalunka a kan tsarin mulki da muhalli. Ni tsohon malamin firamare ne. Littafin da ka ba ni Turancinsa ya fi ƙarfina, na kuma sha gaya maka cewa amfaninsa a wurina shi ne tokare taga. Kai ko ka yi ta dariya. Abin da na sani shi ne Rafin Tsohuwa.

Wata masana'antar jimar fata ce ta buɗe a samanmu, ta riƙa sako mana ruwan da ta gama aiki da shi. Rafin ya yi baƙi, yana wari. Tumatir ya ƙone a tsaye, shanu suka ƙi sha, yara suka cika da ƙuraje. Duk ofishin da muka je sai a ce mu yi haƙuri. Da ka zo gida yin Sallah na ja ka har bakin rafin. Ka tsuguna da sabuwar shaddarka, ka cika gora, ka ce, "Lawal, haƙuri da jarrabawar Allah daban, yin shiru da ɓarnar mutum daban."

Ka tara mu a gindin mangwaro ka yi mana karatu da Hausa. Ka ce sashe na ashirin na tsarin mulki ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa, amma an ajiye shi a babin da ba a kai ƙara a kansa. Sashe na talatin da uku kuwa ya ba kowa haƙƙin rayuwa, shi ana kai ƙara a kansa. Sai ka dubi Sarkin Noma Alhaji Rabe ka ce, "Baba, wanda aka lalata wa ruwan sha, an taɓa ransa ko ba a taɓa ba?" Tsohon ya ce, "An taɓa, Malam." Ka ce, "To, abin da nake so alƙalai su yarda da shi ke nan."

Muka shigar da ƙara, amma alƙalin farko bai yarda ba. Muka dawo gida, samarinmu da yawa suka sayar da injinan ban-ruwa suka tafi Funtua acaɓa. Kai kuwa ka koma kan alƙalaminka. Shekara da shekaru kana rubutu a kan magana ɗaya, gorar nan tana kan teburinka, duk ɗalibin da ya shigo sai ka sa ya buɗe ya shinshina kafin ku fara karatu. Cikinsu akwai Barakatu, 'yar Malumfashi, wadda ta zama lauya ta ɗauki shari'armu zuwa kotun ɗaukaka ƙara. Ita ta faɗa mana cewa da alƙalai suka zo yanke hukunci, rubutunka suka yi ta kafa hujja da shi, har suka ba mu gaskiya.

Mu so muka yi a rufe masana'antar, kowa ya huta. Ka ƙi. Ka ce masu aiki a can su ma 'ya'yan wasu ne, a tilasta mata tace ruwanta dai. Mun yi gunaguni a lokacin. Yau ga masana'antar tana aiki, ga rafin yana gudu fari tas, samarinmu sun dawo gona. Abin da ka taɓa karɓa a hannunmu shi ne kwandon tumatir, shi ma sai ka ce ƙanana na zaɓo maka.

Zuwana dubiya na ƙarshe, ka riƙe hannuna ka ce, "Lawal, rafin ya koma yadda muka san shi muna yara?" Na ce har tarwaɗa ta dawo. Ka ce, "In na tashi, zan zo in sha da tafin hannuna." Allah bai nufa ba.

Ranar jana'izarka, ba tare da kowa ya sa su ba, manoman rani suka iso maƙabarta da jarkoki a bayan babura. Da ruwan Rafin Tsohuwa aka kwaɓa ƙasar kabarinka, da shi aka yayyafa a kai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Hajiya Lauratu, da 'ya'yanka Mahadi da Nana Khadija, da ɗalibanka, da mutanen Danja baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Allah ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya sa iliminka ya zama sadaka mai gudana. Ka shayar da mu a duniya, Abdussamad. Allah ya shayar da kai daga Alkausara.

Malam Lawal Sada, Danja