Ranar da Bijimi Ya Gusar da Robar Mairama

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Dangora ya san Mairama mai kifi, in bai san ta da suyarta ba ya san ta da bakinta. Iyayenta na cikin waɗanda ruwan madatsar Tiga ya cinye wa gari suka koma kamun kifi, ita kuma ta kama suya. Ba a taka ta a wuce lafiya. Ta taɓa fasa wa wani kwandasta goshi da cokalin suya don ya ɗauki tarwaɗa bai tambaya ba.

Duk wannan zafin kai, abu ɗaya take tsoro a duniya, wato a san sirrin ƙirjinta. Tun tana budurwa nononta na dama ya cika, na hagu ya ƙi fitowa, wurin a shafe kamar na namiji. Mahaifiyarta ce ta riƙa ba ta ɗinkakken ƙunshin tsumma tana cusawa a rigar mama. Mijinta Sabo ya sani, ya kuma tafi kabari da bakinsa a rufe. Bayan ta fita takaba ta je wani asibitin kuɗi a Kano, aka sa mata roba mai laushi a cikin naman wajen. A gida cewa ta yi gyambon ciki ta je a duba. Sai tana da shekara talatin da biyar ta fara fitowa tsakar gida da ɗaurin ƙirji.

To, ranar kasuwar Tudun Wada ta kai kifi can, sai wani bijimi ya tsinke igiya daga kara, inda ake cinikin shanu, ya yo cikin mutane. Kowa ya arce, ita kuwa ta tsaya kare kwandon kifinta, taurin kai ba magani. Ya sa kai ya ɗauke ta ta ƙirji ya maka ta da turken rumfa, ya bi ta kanta ya wuce. Aka kwaso ta jina-jina. Kafin kwana uku robar ta zame daga gurbinta ta koma ƙarƙashin hammata.

Inna Rabi, ƙanwar mahaifiyarta, ita ta zo gasa mata jiki da ruwan zafi. Hannunta na kaiwa wajen ta ji dunƙule.

“Jini ne ya kwanta,” in ji ta. “Sai an tsaga an sa ƙaho, in ba haka ba ruɓewa zai yi.”

“Inna, ki bar shi. Asibiti zan je.”

Inna Rabi ta ɗauka tsoron aska ne. Washegari da hantsi sai ga ta da Buba wanzami da mata huɗu na makwabta. Ba su tsaya jin ta bakinta ba suka danne ta a tabarma, biyu a hannu, ɗaya a kai, Inna da ɗayar suka zaune ƙafafu. Mairama ta zage su tas, ta gantsara wa mai riƙe da kanta cizo a babban yatsa har sai da haƙori ya ji ƙashi. Duk da haka askar ta shiga. Buba ya tsaga sau ɗaya, sau biyu, jini ya gangara ta haƙarƙarinta, ya ce abin na da zurfi, bari ya ƙara. Nan ta fizge ƙafa ta shure shi a baki, haƙorinsa ya faɗo cikin ƙwaryar ruwa.

“Roba ce, mugaye! Likita ya sa min. Ba ni da nono a nan, ban taɓa samu ba!”

Suka sake ta ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar labarin ya zaga unguwa.

Kwana huɗu ta yi a ɗaki don kunya, sai da zazzaɓi ya kayar da ita aka kai ta Kano. Likita Bahijja ta duba ta girgiza kai.

“Da ba a taɓa ki ba, da mun buɗe mun mayar da ita gurbinta mun ɗinke inda ta faɗa. Ko mu sa wata a ƙarƙashin tsoka ta zauna daram. Amma askar ta yi zurfi, ciwon ya yi mugunya. Dole mu cire ta. Bayan wata shida, in kin warke, sai ki zaɓa, ko sabuwa ko ki zauna haka.”

Aka cire. Ta farfaɗo ta shafa wajen, ta ji shi a shafe kamar da, ta yi kuka mai cin rai. Inna Rabi na zaune a gefen gado, Mairama ta juya mata baya.

“Kin tona min abin da na ɓoye shekara ashirin da biyu, Inna. Ban yafe ba.”

Tsohuwar ba ta musa ba. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye wani abu a kan filo: ƙunshin tsumma, sabo, da irin ɗinkin nan ƙanana da Mairama ta sani tun tana shekara goma sha uku.

“Robar ce ban sani ba,” in ji Inna Rabi. “Uwarki ba ta iya riƙe allura ba. Duk waɗanda ta ba ki, ni na ɗinka.”